Abin Da Za Ka Ci Da Abin Da Za Ka Ajiye

Ɗana, Allah ya yi maka albarka, ka ba ni aron hankalinka na ɗan lokaci, domin akwai wata magana da nake yawan ji a bakinku ku samarin yanzu, kuma ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. In an ce da ɗayanku ya riƙa ware wani abu cikin abin da yake samu, sai ya yi murmushi ya ce, "Baba, ajiyar me? Abin da dubu goma za ta saya yau ba za ta saya ba wata mai kamawa, gara in ci abina tun yana da daraja, ƙwai a baki ya fi kaza a akurki." Ba zan ƙaryata ku ba, domin kasuwar da kuke zuwa ita nake zuwa ni ma. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin ƴan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce 1,000, dalar da gwamnati ke sayarwa naira 460 da ƴan kai ta tashi ta haye 1,500, har hukumar ƙididdiga ta ƙasa da bakinta ta ce hauhawar farashi ta zarce kashi 34 cikin 100 a ƙarshen wannan shekarar. Da aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a watan Yulin 2024, da ƙyar kuɗin ke sayen buhun shinkafa guda. Saboda haka wanda ya dunƙule takardun naira ya tura ƙarƙashin katifa ya manta da su shekara biyu, ya yi asara ko da ɓarawo bai leƙa ɗakinsa ba. Har nan na yarda da ku. Inda muka rabu shi ne wajen cewa maganin abin a cinye.

Ka sani ba ku ne farkon waɗanda kuɗi ya narke a hannunsu ba. Muna samari aka kawo naira a 1973, aka ce fam ɗaya naira biyu ne, tsofaffi suka daɗe suna ciniki da sule da sisi a baki alhali kwabo ne a hannunsu. Ba a jima ba sai ga ƙarin albashin Udoji, wanda aka biya ma'aikatan gwamnati har da ariyas na watanni a farkon 1975, gari ya ruɗe. Masinja ya sayi rediyo, malamin makaranta ya sayi babur, wani ya ƙara aure, ƴan kasuwa kuma da suka ji ƙamshin kuɗi suka tsawwala, kafin a ankara ƙarin ya bi ruwa. Amma cikin waɗannan ma'aikatan akwai ƴan tsiraru da suka fita bayan gari suka sayi fili inda ba a jin komai sai kukan tsuntsaye, ana yi musu dariya, wasu kuma suka aika da kuɗin ƙauye aka saya musu ɗan maraƙi. Rana ɗaya aka biya su da masu rediyo, kuma albashinsu bai fi na kowa ba. Yau jikokinsu ne ke zaune a filayen nan, gari ya je ya tarar da su. Daga baya, daga 1986, tsarin SAP na zamanin Babangida ya zo ya karya darajar naira, ƴan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram kuwa sun wayi gari a watan Janairun 1994 an raba darajar sefa gida biyu. Iyayenmu duk sun ga wannan da idonsu, sun san takardar kuɗi ba abar amana ba ce, amma abin da suka koya daga nan shi ne a yi maza a canza wa kuɗi kama tun bai lalace ba.

Je ka ƙauye da kaka ka ga yadda manomin kirki yake yi da amfanin gonarsa. Tun dammunan gero suna jibge a gona ya riga ya raba su a zuciyarsa, ga na zakka, ga iri, ga wanda za a ci daga yanzu zuwa bazara, ga ɗan wanda za a sayar a yi hidimar sallah, sannan ga rumbun da za a liƙe, ba mai taɓa shi sai damina ta yi tsakiya, lokacin da shuka ta kai ƙugu, tsohon hatsi ya ƙare, sabo bai nuna ba, kwano kuma ya yi tsadar tsiya a kasuwa. Wanda ya kwashe nasa ya sayar da araha da kaka saboda ɗokin kuɗi, shi za ka gani a watan Agusta yana ƙwadago a gonar wani domin ya sami awon yini, tasa gonar kuwa ciyawa na cinta. Waɗanda suka ga farin 1973 da na 1984 ba sai an yi musu wa'azi a kan rumbu ba. In kuwa wani ya ce maka ajiya rashin tawakkali ne, wai wanda ya ba ka na yau shi zai ba ka na gobe, to ka tuna masa da ladabi cewa Annabi Yusuf, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ya ba mutanen Misira shawarar su bar hatsin shekaru bakwai na yalwa a zangarniyarsa saboda shekaru bakwai na fari, kuma ya inganta cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Babu wanda zai ce ya fi su dogaro ga Allah.

Amma in gaskiya za a faɗa, iyayenmu mata sun fi mu iya wannan sha'ani nesa ba kusa ba, kuma a kansu nake so ka tsaya ka yi nazari. Ka ɗauki tsohuwa mai ƙuli-ƙuli a cikin gida, wadda ba ta taɓa taka ƙofar banki ba. In yarinya ta dawo daga talla da yamma, za ta zazzage cinikin a kan tabarma, ta ware uwar kuɗi ta ƙulle a bakin zane saboda gyaɗar gobe, ta ware zubin adashe, sauran ƴan canjin kuwa ta lallaɓa ta tura su cikin asusun ƙasa mai ɗan tsukakken baki, wanda abin da ya shiga ba ya fita sai an fasa. In an fasa ta sayi kaza, kaza ta yi ƴaƴa ta sayar ta haɗa ta sayi akuya, akuya ta haihu ta sayar ta sayi tunkiya, ana haka har ka ji an ce tana da saniya a hannun Fulani a ruga. Ranar da za ta aurar da ɗiyarta sai ka ga gado da katifa da jeren kwanuka sun fito, maigida yana ta mamakin inda aka samo. Hikimar da ke cikin wannan, ɗana, ita ce duk inda ta sa kuɗinta wuri ne mai wuyar ɗaukowa. In ranta ya biya mata sabon zane, kafin ta sayar da akuya sai ta jira ranar kasuwa, ta nemi yaron da zai ja ta, a kai wa dillali, a yi tayi a yi albarka, kafin nan kwana uku sun wuce, zanen ma ya fita daga ranta. Ta san zuciyarta, shi ya sa ta gina katanga tsakaninta da dukiyarta.

Ku kuwa an rushe muku wannan katangar, shi ya sa nake tausaya muku fiye da yadda nake ganin laifinku. Albashinka ko cinikinka yana cikin wayar da ke ƙarƙashin matashin kanka, ƙarfe ɗayan dare kana kwance za ka iya sayen takalmin da ka gani a Instagram da danna yatsa sau uku, ba ka ƙirga takarda ko ɗaya da hannunka ba balle ka ji zafin rabuwa da ita. Kuma yawanci ba manyan abubuwa ke cinye kuɗin saurayi ba, ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Data ta ɗari biyar da safe, indomi da ƙwai wajen mai shayi da dare, ɗan tsire in an zauna majalisa, ga kuma cacar ƙwallon nan da ta shigo mana unguwanni, wadda ban ma san ta inda zan fara magana a kanta ba. A ce 1,500 ce kawai ke zurarewa kullum ta wannan hanya, a wata ta zama 45,000, fiye da rabin mafi ƙarancin albashi ke nan, kuma in an tsare ka ranar talatin ga wata aka ce ina kuɗin, wallahi ba za ka iya nuna ko tsinke ba. Ban ce kada ka sha shayi ba, wanda ya yi aiki ya cancanci ya ji daɗin guminsa, abin da nake so shi ne ka ci da saninka, ka san nawa ka yanka wa bakinka a wata, in ya ƙare ka haƙura.

Saboda haka ranar da kuɗi ya shigo, tun kafin ka biya ta kasuwa, tun kafin abokai su ji labari, ka fara cire na ajiya, ko da ɗaya cikin goma ne, ko da bai kai haka ba. Mai cewa sai abin da ya rage a ƙarshen wata zai ajiye bai taɓa ajiye komai ba, domin kuɗin da ba a ba shi aiki ba shi yake nemar wa kansa hanyar fita. In ka cire kuma, ka kai shi inda hannunka ba zai kai da sauƙi ba. Adashe yana da kyau, ka shiga hannu ɗaya daidai ƙarfinka, kada ɗokin kwasa ya sa ka ɗauki hannu biyu ka zo kana cin bashi kana zubi. Ka san uwar adashen, ka san gidanta da mutuncinta, ka san waɗanda kuke zubin tare, domin an sha ganin wanda ya kwasa da wuri ya ɓace. A wannan zamani na tsada kuma kada ka shiga mai dogon zango, tunda wanda ya zo ƙarshe kuɗinsa ya riga ya rage auki, kuma tun kafin ranar kwasarka ta zo ka riga ka san abin da za ka saya, keken ɗinki ne, ko ragon da za ka turke zuwa babbar sallah, ko buhunan abincin gida, domin in kuɗin ya kwana biyu a hannunka ba tare da niyya ba, za ka ga masu buƙata sun fito ta inda ba ka zata ba.

Hatsi ma ajiya ce, in ka saya da kaka lokacin da motoci ke ta sauke kaya a kasuwar Dawanau, ka samu buhu mai leda a ciki saboda ƙwari, ka ɗora kan katako saboda sanyin ƙasa. Sai dai ka saya daidai cin gidanka. Masu cika sito suna jiran talaka ya ji jiki kafin su fitar, malamai sun daɗe suna faɗa musu hukuncinsu, kuma a 2025 da farashin masara da gero ya faɗo, da yawansu sun tafka asarar da ba za su manta ba. Banki kuwa kada ka guje shi gaba ɗaya, domin wanda ke ƙyamar kuɗin ruwa yanzu ba shi da hujja, bankin Jaiz marar kuɗin ruwa ya fara aiki tun 2012, bankin TAJ irinsa ya biyo baya a 2019, kuma tun 2024 hukumar NDIC ta ɗaga abin da take biyan mai ajiya in bankin kasuwanci ya rushe zuwa naira miliyan 5. Waɗanda suka tara tsabar kuɗi a gida sun ga tasku a canjin kuɗi na 1984, suka sake gani a farkon 2023 bayan an sauya takardun 200 da 500 da 1,000. Dabarar dai ita ce ka buɗe asusu na daban, wanda ba ka karɓi katinsa ba, ba ka kuma sa shi a wayarka ba, ta yadda in za ka cira sai ka sa takalmi ka je ka bi layi.

Ka kuma yi hattara da masu zuwa da daɗin baki su ce kawo dubu ɗari ka karɓi dubu ɗari biyu bayan wata guda. An yi MMM a 2016 mutane suka yi kuka, aka yi CBEX a 2025 aka sake yin wani kukan, kuma abin tausayi shi ne yawancin waɗanda abin ya rutsa da su masu tattali ne, sun tara da gumi, haƙurin jira ne ya gaza musu. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Duk cinikin da aka kasa yi maka bayanin inda ribarsa ke fitowa da Hausar da kakarka za ta gane, ka riƙe kuɗinka.

Ke kuma ƴar'uwata, kada ki ce na manta da ke, domin akwai ƙofar da kuɗi ke fita ta wajenku wadda ta fi ta maza faɗi, ita ce ƙofar biki. Ban raina gudummawa ba, ita ma ajiya ce a hannun mutane, wadda ta kai wa ƙawarta ranar suna za a kawo mata ranar nata, haka muka taso muka gani. Abin da ke damuna shi ne ankon da ake fitarwa kala uku a biki ɗaya, da ɗinkin da ya fi kuɗin atamfar tsada, da kwalliyar da za a wanke kafin a kwanta, duk da bashi, saboda kawai kada a ce wance ba ta yi ba. Waɗanda kike tsoron bakinsu, in mai bashi ya yi sallama a ƙofar gidanku ba za ki ga ko ɗaya ba. Ki zaɓi bikin da ya zama dole, ki yi anko ɗaya, ki je da fara'arki, wadda take ƙaunarki zuwanki take so. Maza ma ba su tsira ba, mun ga wanda ya ci bashi ya cika akwatunan lefe har ana ɗaukar hoto, amarya ta tare wata bai cika ba ana aika yaro karɓo awo bashi a kanti.

Wurin da ya fi wuya, ɗana, shi ne wajen dangi, kuma ba zan yi maka ƙaryar cewa akwai hanya mai sauƙi ba. Da zarar an ji ka fara samu, wayarka ba za ta huta ba, wannan kuɗin makaranta, wancan magani, wata haihuwa, kuma yawancinsu gaskiya suke faɗa, ɗan'uwa kuwa rabin jiki ne. Wanda ya toshe kunnensa ya yanke zumunci, wanda kuma ya buɗe hannu duka, shekara goma za ta same shi inda yake, ranar da tasa ta taso kuma babu mai iya ɗaga shi tunda duk shi suke kallo. Abin da na ga masu hankali suna yi shi ne su yanka wa zumunci rabonsa tun farkon wata, iyaye a gaba, sannan na kusa, in rabon ya ƙare su ba da haƙuri da kyakkyawar magana. A nan ma adashe da kiwo suna da wani amfani da ba a cika faɗa ba, domin in ka ce wa ɗan'uwanka kuɗina yana adashe, ko na sa a tumaki, ba ka yi ƙarya ba, shi ma ya san ba abin da za a ciro yau ba ne, sai ku rabu ba wanda ya ji kunya.

Kada kuma duk wannan ya sa ka zama mai hannun jarirai. Akwai mutumin da yana da shi a ajiye, amma matarsa sai ta yi rantsuwa kafin ya ba da kuɗin cefane, ƴaƴansa ana koro su daga makaranta, mahaifiyarsa tana tari wata da watanni yana cewa ta sha saiwa. Wannan ba abin koyi ba ne, ciyar da iyali wajibi ne a kansa, kuma abin da ya tara in ya kai nisabi ya shekara, akwai ɗaya cikin arba'in na zakka da ba nasa ba ne. Irin wannan in ya mutu, waɗanda ya hana su za su raba, wani lokaci tun ba a yi sadakar bakwai ba an fara rigima. Dalilin ajiya shi ne ranar da za a tashe ka cikin dare a ce naƙuda ta zo da gardama, a asibiti a miƙo maka takarda a ce sai an biya kafin a shiga tiyata. Wanda bai tanadi komai ba, da asuba za ka gan shi a ƙofar gidan wani mai hali, ya tsuguna a zaure yana juya hula a hannu, ya yi gaisuwa ta kai sau uku ya kasa shiga maganar da ta kawo shi, daga ƙarshe yaro ya fito ya ce an ce maigida yana barci. Na ga dattawa masu furfura a wannan hali, kuma ba na so ko maƙiyina ya tsaya a wurin, balle kai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya yi tanadi kuwa, ban da rufa wa kansa asiri, shi ne zai iya cewa maƙwabcinsa tashi mu je, in tasa ta same shi.

Sauran abu ɗaya da mutanenmu ke sakaci da shi. Muna da son ɓoye abin hannunmu, har matar da muke kwana ɗaki ɗaya da ita ba ta san me muka mallaka ba, kuma na san dalilin, ana gudun baki da yawan roƙo. Amma a dā an yi tsofaffin da suka binne kuɗi a tulu suka rasu ba wanda ya san wurin, yau ma ana yin irinta ta wata fuska, asusun banki da ba wanda ya san da shi, fili da aka saya da baki ba takarda, shanu a hannun makiyayi ba shaida, marayu suna yunwa dukiyar ubansu tana hannun wanda ya ga dama ya faɗa, ya ga dama ya yi shiru. Saboda haka ka sami ɗan littafi ka rubuta abin da ka ajiye da inda yake, da wanda ke riƙe da shi, da bashin da kake bi da wanda ake binka, ka sa mutum biyu masu amana su sani, matarka ko ɗan'uwanka na jini ya zama ɗaya daga cikinsu, in wani abu ya ƙaru ko ya ragu kuma ka ɗauko littafin ka gyara tun ba ka manta ba.